Yadda Yaron Farisa Yake Mallakar Nahawun Harshensa

 

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam ya hore masa magana, da salati ga Fiyayyen Halitta, batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne yadda ƙananan yara suke mallakar nahawun Farisanci, wato harshen da ake yi a Iran, wanda a Afganistan ake ce masa Dari, a Tajikistan kuma Tajik. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zaure gaban malami, ya buɗe Ajurumiyya, sa'an nan ya haura zuwa Alfiyyar Ibnu Malik, ya san irin gumin da ake zubarwa kafin mutum, ga shi baligi mai cikakken hankali, ya iya rarrabe fa'ili da maf'uli ba tare da harshensa ya zame ba. Amma ga yaro can a Shiraz ko Isfahan, bai cika shekara huɗu ba, ko alifi bai sani ba, sai ka ji yana jera jumla bisa jumla, yana kore magana, yana tambaya, yana kafa sharaɗi, har yana shirga wa uwarsa ƙarya da nahawu ingantacce, alhali kuwa babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga isimi ga fi'ili.

Ba don komai na ambaci Shiraz ba sai don shugaban masana nahawun Larabci, Sibawaihi, wanda ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, Bafarishe ne daga wannan yanki. An ruwaito cewa a Basra, wajen karatun hadisi gaban Hammadu ɗan Salama, ya yi lahani a karatu, malamin ya gyara masa a gaban jama'a, shi kuwa abin ya yi masa zafi har ya tashi ya lizimci Halilu ɗan Ahmadu, daga nan aka sami littafin nan nasa da malamai suke kira Alkitabu kawai, don ba ya bukatar wani suna. Nahawun Larabci ya ci masa shekaru da mutunci. Nahawun harshen da ya tsotsa a nono kuwa bai san ranar da ya shige shi ba.

Ibnu Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya tsaya a kan wannan mas'ala, ya ce harshe malaka ce, wato ƙwarewar da take zama jiki saboda yawan ji da maimaitawa, kuma ya bambanta mai malakar harshe da mai sanin ƙa'idojinsa, domin sau da yawa za ka ga gwanin i'irabi ya kasa rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa mai layi biyu. Wannan magana gaskiya ce, sai dai a ganina rabin gaskiya ce, kuma sauran rabin yana wurin malaman nahawu da kansu, waɗanda suka raba kalmomi gida biyu: na ƙiyasi, waɗanda ake ciro su ta hanyar auna wannan da wancan, da na sama'i, waɗanda babu yadda za a san su sai an ji su daga bakin masu harshen. Abin da nake so ku tashi da shi shi ne, yaro ba aku ba ne. Mai ƙiyasi ne tun yana goye, kuma hujjar haka tana cikin kurakuransa, ba cikin abin da ya faɗa daidai ba.

Bari mu fara da abin da aka ɗauke wa yaron Farisa. Ko da yake ana rubuta harshensa da haruffan Larabci, tare da ƙarin huɗu da Larabci ba shi da su, har suka zama 32, kuma ko da yake cike yake da kalmomin aro daga Larabci, asalinsa dangin Hindi da Girkanci da Ingilishi ne, gininsa kuma daban. Ba shi da muzakkar da mu'annas ko kaɗan: lamiri ɗaya ne, "u", ya ɗauke "shi" da "ita" baki ɗaya, saboda haka wahalar da yaronmu yake sha kafin ya san cewa rana "ta" faɗi amma wata "ya" fito, yaron Tehran bai san da ita ba. Ba shi da raf'u da nasabu da jarru a ƙarshen sunaye. Fi'ili kuma a ƙarshen jumla yake zuwa, fa'ili a gaba, maf'uli a tsakiya. Amma kada wannan ya sa ku ce an raba gardama, don abin da aka sauƙaƙa masa a suna an ɗora masa shi a fi'ili da ɗafe-ɗafe.

Farkon tafiyar iri ɗaya ce da ta kowane ɗan Adam: gwalan-gwalan wajen wata shida, kalmar farko wajen shekara guda, haɗa kalma biyu kafin cikar shekara biyu ko daf da haka. Iyaye a can ma suna da harshen reno, suna ce wa barci "lala", jariri "nini", kare "hapu", kyanwa "pishi", abu mai zafi "jiz". A ce muna wani gida, an shimfiɗa ƙyallen cin abinci a ƙasa, wanda suke kira "sofre", ga yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ya miƙa hannu ya ce "ab", wato ruwa. Bayan 'yan watanni sai ya ce "ab bede", ruwa ba ni, abin da ake nema a gaba, fi'ili a baya, daidai yadda harshen yake so, ba tare da kowa ya karanta masa babin tartibin jumla ba. In aka matsa masa da cokali sai ya kau da kai ya ce "nemikham", ba na so. To, wannan kalma da ya furta da numfashi ɗaya gaɓa huɗu ce a wurin mai sarfu: "ne" ta korewa, "mi" ta ci gaban aiki, "kha" tushen so, da "m" lamirin mai magana. Da farko dunƙule ya ɗauke ta, bai san tana da gaɓoɓi ba. Amma da ya yi ta jin "nemiram", ba na zuwa, da "nemidam", ba na bayarwa, da "mikhay", kana so, sai ya shiga yin abin da almajirin tela yake yi idan aka ba shi riga ɗinkakkiya, ya warware ta ɗinki bayan ɗinki don ya ga yadda aka yanka, har ya zama yana iya ɗinka wadda bai taɓa gani ba. Masu bincike a kan harsuna irin su Turkanci da Italiyanci sun lura cewa inda ɗafe-ɗafen fi'ili suke da yawa amma a tsare, yara kan kama su da wuri, domin kusan kowace jumla da suka ji tana ɗauke da su. Farisanci kuwa, da yake ana iya barin fa'ili a bar ɗafin fi'ili ya nuna mai aikin, yana cikin wannan sahu.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne wasula biyu, "o" da "e". A rubutaccen Farisanci akwai harafin "ra", wanda ake sa wa bayan maf'uli idan sananne ne: "ketab kharidam" na sayi littafi, kowane iri, "ketab ra kharidam" na sayi littafin, wancan da muka sani. Amma a bakin mutanen Tehran "ra" ɗin nan ya narke ya koma "ro", bayan baƙi kuma "o" kaɗai, sai a ce "ketabo kharidam". Ke nan abin da ke shiga kunnen yaro wasali ɗaya ne tak, manne a wutsiyar kalma, wani lokaci ya zo wani lokaci bai zo ba, kuma zuwansa bai rataya a kan kalmar ba, ya rataya ne a kan abin da mai magana yake zaton mai sauraro ya sani. Ranar da yaron nan na kan "sofre" ya hangi kofi a hannun yayarsa ya ce "livano bede", ba ni kofin, ba wani kofi ba, wannan ɗin, ya nuna cewa ya fara lissafi da abin da ke cikin zuciyar waninsa. Ga kuma ƙarin rikici, "o" ɗin nan dai shi ne "da" na haɗawa a maganar baka, har "mano" tana iya zama "ni" a matsayin maf'uli, tana kuma iya zama "ni da".

Shi kuwa "e" aikinsa ya fi haka yawa. Shi ne abin da suke kira "ezafe", wato ilafar nan da kuka sani a Larabci, sai dai su sun faɗaɗa ta har ta haɗa suna da sifarsa: "mashine baba" motar baba, "mashine ghermeze baba" jar motar baba, kowace kalma ta kamo ta gabanta da wasali ɗaya. Bahaushe ba zai yi baƙunta a nan ba, don aikin da "n" da "r" suke yi mana ke nan a "littafin baba" da "motar baba", illa dai mu sai mun duba jinsi, su kuwa babu ruwansu. Amma "e" ɗin nan shi ne kuma "ne" da "ce" a maganar baka, "khube" yana da kyau. Shi ne ɗafin mutum na uku a fi'ili, "mire" yana tafiya. In kuma aka ƙarfafa shi sai ya nuna sananne, "pesare" yaron nan. Wasali ɗaya, aiki huɗu. Baƙo baligi yakan yi watanni yana tuntuɓe a nan, amma tsakanin shekara biyu da uku galibin waɗannan ɗafe-ɗafe suke bayyana a bakin yara, kowane a gurbinsa, domin yaro ba sautin kaɗai yake saurara ba, yana lura da inda ya faɗo a jumla da abin da ke faruwa a gabansa sa'ad da aka faɗe shi.

Yanzu sai mu zo ga cibiyar maganar. Kowane fi'ili a Farisanci yana da tushe biyu, ɗaya na mulari'i da umarni, ɗaya na mali. A wasu fi'ilai tsakaninsu ƙa'ida ce shimfiɗaɗɗiya, a ƙara "id" kawai: "mikhandam" ina dariya, "khandidam" na yi dariya, "miparam" ina tsalle, "paridam" na yi tsalle. A wasu kuwa, kuma su ne aka fi amfani da su kullum, babu abin da zai cece ka sai ji: dafawa "paz" ce a yanzu amma "pokht" a da, ɗinki "duz" da "dukht", rubutu "nevis" da "nevesht", gani kuwa "bin" da "did", waɗanda ko kama ba su yi ba. To me yaro yake yi? Ku dubi yarinya 'yar shekara uku tana wasan girki da 'yar tukunyarta, ta ɗauko ta kai wa kakarta ta ce "ghaza pazidam", tana nufin na dafa abinci. Kakar ta yi dariya ta ce "pokhti? afarin", kin dafa? madalla, ta mayar mata da kalmar a gyare. Yarinyar ta gyaɗa kai ta ce "are, pazidam". Babu wani babba a gidan da ya taɓa cewa "pazidam", don haka ba a bakin kowa ta ji ta ba. Ita ta ƙera ta, ta auna "paz" da "par" da "khand", ta yi ƙiyasi sahihi a wurin da harshen ya ce sai sama'i. Gyaran kakar bai kama nan take ba domin ita ma'ana take bi, ma'ana kuwa ta isa. Sai a hankali, bayan ta ji "pokht" sau da yawa daga bakuna daban-daban, kalmar sama'i take ture ta ƙiyasi.

Wannan ba na Farisa kaɗai ba ne. A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta zana wa yara wata halitta da babu ita a duniya, ta ƙaga mata suna, sa'an nan ta nuna musu guda biyu, sai suka yi wa sunan jam'i bisa ƙa'idar Ingilishi, abin da ya tabbatar cewa ƙa'ida suke riƙe da ita, ba jerin kalmomi kaɗai ba. An kuma lura a yaran Ingilishi cewa sukan fara faɗin kalma daidai, daga baya su ɓata ta, sa'an nan su dawo daidai, har uwa ta ɗauka ɗanta baya ya ci, alhali ɓatawar nan ita ce alamar ya gano ƙa'ida. Wani abin lura, ƙiyasin yarinyar nan shi ne ainihin wanda harshen da kansa yake yi: sa'ad da Farisawa suka ari "fahm" da "raƙs" da "talab" daga Larabci, "id" ɗin nan suka liƙa musu, aka sami "fahmidan" da "raghsidan" da "talabidan". Har ma akwai inda sabon gini ya kori tsoho, domin barci a tsofaffin littattafai "khoftan" ne, amma yau kowa "khabidan" yake cewa. Saboda haka wanda ya yi wa yaro ba'a a kan "pazidam" ya sani cewa shi ma kowane dare da irinta yake kwanciya.

Akwai wani babi da zai yi wa Bahaushe daɗin ji. Fi'ilai tilo a Farisanci kaɗan ne ƙwarai, 'yan ɗaruruwa, waɗanda ake juyawa kullum kuwa ba su kai haka ba. Sauran ayyuka duk da haɗi ake faɗinsu, a kawo suna a jingina masa ƙaramin fi'ili. "Kar kardan" yin aiki, "bazi kardan" yin wasa, "gerye kardan" yin kuka, daidai da namu. Suna cewa "telefon zadan", mu ma buga waya muke yi. Suna cewa "kotak khordan", mu ma shan duka muke yi. Amma magana a wurinsu bugawa ake yi, "harf zadan", mura ci ake yi, "sarma khordan", wanda ya faɗi kuma ƙasa ya ci, "zamin khordan". Nan aikin yaro biyu ne: ya gane cewa ɗafe-ɗafe a kan ƙaramin fi'ilin suke sauka, a ce "bazi nemikonam" ba na wasa, korewar ta shiga tsakiya, ya kuma gane wane suna ke tafiya da wane fi'ili, wanda rabinsa ƙiyasi ne rabinsa sama'i. Wata masaniya, Neiloufar Family, ta naɗi maganar yara a Tehran ta yi nazarin wannan babi musamman.

Jam'i ba ya ba su wahala irin tamu, "ha" ake ƙarawa a wuce, bayan adadi ma suna tilo yake zama, "se ta sib" tuffa uku, kamar yadda muke cewa shekara uku. Karyayyun jam'o'in Larabci irin su "kotob" da "olum" sai an je makaranta. Abin da iyaye suke koyarwa da gangan, har da harara, shi ne ladabi: a ce wa babba "shoma" ba "to" ba, a amsa kira da "bale" ba "are" ba. Nahawu suna barinsa ya tsiro da kansa, ladabi kuwa shuka shi suke yi.

Sa'an nan yaro ya cika shekara shida a kai shi aji ɗaya, ya tarar da abin da bai zata ba, wato harshen littafi ba shi ne na gida ba. Gurasar da ya saba kira "nun" a takarda "nan" ce, gida "khune" ya koma "khane", "miram" ta miƙe ta zama "miravam", "o" ɗin nan da ya sha wahalar kamawa ya fito fili a matsayin "ra" mai zaman kansa. Ita kuwa ilafa, wadda ya riga ya ƙware a kanta, galibi ba a rubuta ta sam, kasra ce da ake bari, sai mai karatu ya sa ta da kansa. Shi ya sa yaron da kunnensa ya ƙoshi da harshen yakan karanta ta daidai, baƙon da ya haddace ƙa'idarta kuwa ya tsaya yana lalube. A Tajikistan, inda ake rubutu da haruffan Rasha tun wajen 1940, ana rubuta ta a fili. Kada kuma mu manta cewa ba kowane yaron Iran ne ya tashi da Farisanci ba: na Tabriz da Turkancin Azari yake tashi, wasu da Kurdanci ko Balocanci ko Larabcin Khuzistan, amma tsarin mulkin 1979 ya sa littattafan makaranta su kasance da Farisanci, don haka su hawa biyu ne a gabansu a lokaci guda. Malamin da bai san wannan ba zai kira yaro daƙiƙi a kan abin da ba laifinsa ba.

Kuna iya tambaya, ta yaya aka san duk wannan? Ta hanyar haƙuri. Roger Brown na Jami'ar Harvard ya bi yara uku shekara da shekaru yana rubuta maganarsu, ya fitar da littafinsa a 1973. A 1984 Brian MacWhinney da Catherine Snow suka kafa taskar nan ta CHILDES, inda masu bincike daga ƙasashe suke ajiye maganar yara da suka naɗa, akwai ta Farisanci a ciki. A Jami'ar Sheffield ta Ingila, Habibeh Samadi tare da Michael Perkins sun fitar a 1998 da ma'aunin matakan nahawun yaron Farisa, wanda suka gina a kan maganar yara ta yau da kullum, don amfanin masu kula da yaran da magana ta yi wa nauyi. Fa'idar a bayyane take: sai an san lokacin da lafiyayyen yaro yake kama "ra" da "mi" da ilafa kafin a iya cewa wannan ya makara a taimaka masa, wancan kuwa lafiyarsa lau a ƙyale shi, ma'aunin da aka yi wa yaron Ingilishi kuwa ba zai auna yaron Farisa ba, tun da abubuwan da ake nema babu su a harshensa.

Kirana gare ku, musamman ɗaliban harshe da ke zaune a nan, shi ne ku yi wa Hausa irin wannan hidima. Kusan kowannenku yana da ƙane ko ɗa ko ɗan 'yar'uwa da ke tsakanin shekara ɗaya da huɗu, kuma wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Da izinin iyayensa, ku naɗi maganarsa rabin sa'a kowane mako biyu, ku rubuta ta yadda ya faɗa, da kwanan wata da shekarunsa da abin da yake yi a lokacin, kada ku gyara masa ko harafi ɗaya a takarda. Ku lura da ranar da ya fara raba "ya" da "ta", da irin jam'in da yake ƙagawa, da inda yake sa "n" a gurbin "r". Ku yi haka shekara biyu, sa'an nan ku kawo wa malamanku. Allah ya ba mu ikon yi, ya sa albarka a zuriyarmu.